Jerin matsayin cibiyoyin kuɗi na duniya: da wane ma'auni ake auna Niyok, Landan da Kasabalanka?

Ɗan Adar, Tahoua:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Sau biyu a shekara, watan Maris da watan Satumba, jaridun tattalin arziki suna ɗauko jerin nan na cibiyoyin kuɗi na duniya da ake kira GFCI (Global Financial Centres Index), su ce Niyok ce ta ɗaya, Landan ta biyu, Honkon da Singafo suna karɓa-karɓa tsakanin ta uku da ta huɗu. In an zo Afirka sai a ambaci Kasabalanka, tsibirin Moris, Kigali, Johannesbag, Kef Tawun, Nairobi da Legas. Labarin a nan yake tsayawa, ba mai cewa ga yadda aka yi lissafin.

Abin da nake son masana su warware shi ne, da me ake auna birni har a ce ya fi wani? Yawan kuɗin da ke juyawa a cikinsa ne, ko yawan bankuna, ko ra'ayin mutane? Domin in yawan canjin kuɗi ne, sananne ne Landan ta fi Niyok, amma ga ta a baya. Sannan in birni ya hau mataki goma cikin wata shida, wani abu ne ya canza a ƙasa ko lissafi ne kawai ya motsa?

Na ƙarshe shi ya fi damuna. Ɗan kasuwar Tahoua da ke kai albasa Abijan, ko mai sayo kaya daga Dubai da Gwanzu, ko ma bankin da ke Yamai, wannan jerin yana da abin da zai amfane su da shi wajen yanke shawara? Allah ya saka da alheri.

Malamar Tattali, Yamai:

Wa alaikumus salam Malam. Wani kamfanin bincike na Landan mai suna Z/Yen ne ke fitar da GFCI. Fitowar farko a Maris 2007 aka yi ta, da tallafin hukumar unguwar kuɗi ta Landan, City of London Corporation. Tun 2016 suna aikin tare da China Development Institute ta birnin Shanzan. Biranen da ke cikin babban jerin yanzu wajen 120 ne, kuma Niyok take kan gaba tun Satumba 2018, lokacin da ta karɓe wurin daga Landan.

Abu biyu ake haɗawa. Na farko alƙaluma ne sama da ɗari da Z/Yen ba ita ke tattara su ba, arowa take yi daga Bankin Duniya, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD, Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin bincike. Ana kasa su gida biyar: yanayin kasuwanci (doka, haraji, kwanciyar hankalin siyasa), ƙwarewar ma'aikata, kayan aiki irin su filin jirgi da intanet da ofisoshi, bunƙasar fannin kuɗi shi kansa, sai suna da martabar birnin. Na biyu takardar tambayoyi ce da ke buɗe a intanet, ma'aikatan fannin kuɗi suna ba biranen da suka sani maki daga 1 zuwa 10. Akwai ƙa'idoji: makin da mutum ya ba garin da yake zaune ba a lissafa shi, amsar da ta wuce wata 24 ana zubar da ita, sabuwar amsa kuma ta fi tsohuwa nauyi. Birni ba ya shiga babban jerin sai ya samu amsoshi sama da 150 daga mutanen waje, in bai kai ba yana zama a jerin jira.

Inda mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda ake ɗinke biyun. Ba wanda ya zauna ya ce doka tana da kashi kaza, filin jirgi kashi kaza. Manhajar kwamfuta mai koyo ake ba amsoshin. In ma'aikacin inshora a Zurik ya ba Landan 9, Faris 7, Dubai 6, manhajar tana duba alƙaluman waɗannan birane ta gano irin abin da ke burge mai irin aikinsa, sannan ta yi hasashen makin da zai ba Kigali ko Nairobi da a ce ya san su. Ainihin amsoshin da na hasashen su ake tarawa a fitar da maki bisa 1,000. Ke nan GFCI ba ya ƙirga kuɗin da ke juyawa kai tsaye. Ra'ayin ƙwararru yake aunawa, alƙaluma kuma su ne igiyar da ake jan ra'ayin da ita zuwa biranen da ba a sani ba. Wannan ya amsa maka batun Landan da Niyok.

Game da hawa mataki goma: ka riƙa duba maki kafin matsayi. A tsakiyar jerin birane suna cunkushe, maki ɗaya ɗaya ne ke raba su. A ce birni yana da 690 ya koma 697, zai iya tsallake birane shida ko bakwai alhali canjin kashi 1 ne cikin ɗari. Haka kuma birni zai iya ƙara maki ya faɗo a matsayi saboda maƙwabtansa sun fi shi ƙaruwa, ko an shigo da sabbin birane sama da shi. Ƙananan cibiyoyi sun fi tangal-tangal, domin amsoshinsu kaɗan ne, mutum hamsin sabbi suna iya juya sakamako. Ni dai ban ɗaukar canji da muhimmanci sai ya bi hanya ɗaya fitowa huɗu a jere, wato shekara biyu, daidai da tsawon lokacin da tsofaffin amsoshi ke ɗauka kafin su fita daga lissafi.

Akwai rauni guda biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Masu amsa tambayoyin ba zaɓo su ake yi bisa ƙa'idar ƙididdiga ba, wanda ya ga dama ne ke cikewa, kuma kaso mai yawa daga Asiya suke fitowa. Rahoton da kansa yana nuna yadda kowane yanki ke fifita biranen yankinsa, wannan teburin ya fi shafin farko amfani. Na biyu, yawancin alƙaluman aro na ƙasa ne ba na birni ba, wasu ma ra'ayi ne da aka riga aka mayar lamba, kamar ma'aunin cin hanci. In tushen ya gurɓata, abin da aka gina a kai ya gurɓata. Rahoton Doing Business na Bankin Duniya shekaru da yawa kowa da shi yake aiki, sai ga shi an dakatar da shi a Satumba 2021 bayan an gano an taɓa alƙaluman fitowar 2018 da ta 2020. Wanda ya gaje shi, B-READY, sai a Oktoba 2024 ya fara fitowa.

Ka lura kuma da wanda ya biya kuɗin awo. Hukumar unguwar kuɗi ta Landan tana da nata rahoton na shekara-shekara, da nata ma'aunan, kuma ya sha ɗora Landan a farko. Ba ƙarya suka yi ba, ma'aunan da suka zaɓa ne suka bambanta.

Akawun Banki, Yamai:

Hajiya Malamar Tattali ta gama da yadda ake lissafin. Ni inda zan ƙara, Malam Ɗan Adar, tambayar "wane birni ya fi" ba ta da amsa ɗaya sai an ce a wane aiki.

Canjin kuɗi yana da ma'aunin da ba ra'ayi a ciki. Bankin BIS da ke Bazel, bankin manyan bankunan ƙasashe, yana ƙirga shi duk shekara uku a watan Afrilu, ta hannun manyan bankunan ƙasashe. A ƙirgar 2022 ana juya dalar Amurka tiriliyan 7.5 kowace rana, Ingila tana da kashi 38 cikin ɗari, Amurka 19, Singafo 9, Honkon 7, Japan 4. Landan ta ninka Niyok. Dalili har da agogo: safiyarta tana riskar yammacin Asiya, yammacinta yana riskar safiyar Amurka. In kuwa hannun jari ne, kasuwannin NYSE da Nasdaq na Niyok ba su da na biyu. Asusun zuba jari na haɗin gwiwa, Luksambur ce ta farko a Turai, ta biyu a duniya bayan Amurka, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Ajiyar dukiyar masu kuɗi daga ƙetare, Suwis. Cinikin alkama da masara da ake yanke farashi yau a kai kaya gaba, Shikago. Ƙarafa da inshorar manyan haɗurra, Landan. Sukuk, wato takardun jari na tsarin Musulunci, Kuwala Lumfur. GFCI yana da ƙananan jeri na banki, inshora, sarrafa jari da fasahar kuɗi a shafukan ciki, su ya kamata mai buƙata ya buɗe.

Abin da ke riƙe ciniki a wuri ɗaya kowa a Adar ya san shi: mai sayen albasa Galmi yake nufa saboda a can masu sayarwa suke, masu sayarwa kuma can suke kaiwa saboda a can masu saye suke. Shi ya sa cibiya ba ta ƙaura da sauƙi. Amma doka tana iya kwashe wani sashe dare ɗaya. A Janairu 2021, da fitar Ingila daga Tarayyar Turai ta tabbata, cinikin hannun jarin kamfanonin Turai ya bar Landan, har Amsadam ta wuce ta a wannan watan. Canjin kuɗi bai motsa ba, domin ba dokar da ta tilasta masa.

Yanzu ga inda abin ya taɓa mu. Ɗan kasuwa a Yamai zai biya mai kaya a Gwanzu da dalar Amurka. Sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, wannan ba ya motsi. Dalar Amurka ce ke hawa da sauka. Bankinsa ba shi da reshe a Sin, yana da asusu ne a wani banki na waje da ke wakiltarsa, galibi a Faris, Farankfut ko Kasabalanka. Saƙon SWIFT, hanyar da bankuna ke aika wa juna umarnin biya, zai tashi, a sayi dalar, kuɗin su bi ta wani banki a Niyok saboda yawancin biyan dalar Amurka a can ake kammala shi, sannan su sauka bankin mai kaya. Kowane zango yana cire ladansa kuma yana binciken saƙon. Ko Dubai za a biya, dirhami ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.6725, hanyar kusan ɗaya ce.

Abubuwan da ke tsayar da kuɗi a hanya sanannu ne. Sunan mai karɓa a takardar turawa bai yi daidai harafi da harafi da na faktir ba. An ce a biya wani kamfani na uku a Honkon alhali faktir daga Gwanzu ta fito. An rubuta dalilin biya a dunƙule, "kaya" kawai, ba lambar faktir. Ko ba a yi rajistar shigo da kayan a banki ba: ƙa'idar canji ta UEMOA (ƙungiyar ƙasashe takwas masu sefa a Afirka ta Yamma) ta 2010 ta wajabta hakan ga kayan da suka haura sefa miliyan 10 daga wajen yankin, an kuma sabunta ƙa'idar a ƙarshen 2024, don haka a tambayi banki iyakar da ke aiki kafin a yi oda. Akwai kuma zaɓin wanda zai ɗauki ladan hanya. OUR na nufin mai turawa ya biya duka, SHA a raba, BEN a cire daga kuɗin mai karɓa. Wanda ya zaɓi SHA alhali yarjejeniya ta ce kuɗi su isa cif, mai kaya zai ga giɓi ya riƙe takardun jirgi. Duk wanda ya tura kuɗi ya karɓi lambar UETR, mai alamomi 36, da ita ake gane bankin da kuɗin suka maƙale.

Shi ya sa a ganina matsayin Kasabalanka ya fi na Niyok shafar mu. Maroko ta kafa Casablanca Finance City a 2010 da nufin zama ƙofar Afirka, kuma bankunanta sun riga sun shigo gida: BOA tana ƙarƙashin rukunin BMCE, Banque Atlantique da BIA-Niger suna ƙarƙashin Banque Centrale Populaire, CBAO kuma ta Attijariwafa ce. Ƙarfin uwar banki a can shi ke yanke yawan layin lamunin da reshen Yamai zai samu, da ko bankin Turai zai yarda ya tabbatar da takardar lamunin da ya buɗe.

Ɗan Adar, Tahoua:

Na gode Hajiya, na gode Malam Akawu, Allah ya ƙara sani. To in haka ne, me ya ɗaga Dubai cikin shekara ashirin, ita da ba ta gaji wannan ciniki ba? Kuma me zai hana Abijan, ko Yamai ma wata rana, bin wannan hanyar? Muna da kuɗi ɗaya a ƙasa takwas, muna da babban banki ɗaya, abin da ƙasashe da yawa ba su da shi.

Lauyan Kasuwanci, Yamai:

Malam, amsar Dubai doka ce kafin gini. Mai kuɗi kafin ya tambayi riba yana tambayar abu biyu: in rigima ta tashi wace kotu ce za ta yanke, kuma in na so fita da kuɗina wa zai tare ni. A 2004 Dubai ta keɓe unguwar kuɗi ta DIFC, ta ba ta dokokin kasuwanci nata na kanta bisa tsarin shari'ar Ingila, da kotuna masu aiki da Turanci, da alƙalan da aka ɗauko daga ƙasashen da suka saba da wannan tsari, da hukumar sa ido ta daban. Abu Dabi ta bi sahu da tata unguwar kuɗin, ADGM, a 2015, ita ma kai tsaye ta ɗauki dokar Ingila. Kazakistan ta yi irinsa a Astana a 2018. Kigali ta kafa tata cibiyar a 2020, Nairobi ta ƙaddamar a 2022. Dalilin wannan kwaikwayo shi ne manyan yarjejeniyoyin bashi na duniya yawancinsu da dokar Ingila ko ta jihar Niyok ake rubuta su, lauyoyin bankuna sun san yadda kotu za ta fassara kowane sakin layi. Wannan sanin kuɗi ne, yana rage ruwan da ake ɗora wa bashi.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Yarjejeniyar OHADA ta 1993 ta ba ƙasashe 17 dokar kasuwanci ɗaya: kafa kamfani, jingina, karɓar bashi, karyewar kamfani, sulhu. Kotun ƙoli ta wannan doka, CCJA, tana Abijan, hukuncinta yana aiki a duk ƙasashen, kuma tana kula da sulhun kasuwanci. Nijar tana cikin yarjejeniyar Niyok ta 1958 da ke sa a zartar da hukuncin masu sulhu na ƙetare. Yamai tana da kotun kasuwanci ta musamman. Matsalar ba a rubutun dokar take ba, a zartarwa take. Mai ba da bashi yana lissafin wata nawa ne daga ranar da aka daina biya zuwa ranar da ya sayar da jingina ya karɓi kuɗinsa. In gidan da aka jinginar takardar sayen fili kawai gare shi, ba cikakkiyar takardar mallaka mai rajista ba, jinginar ba ta da ƙarfin da banki ke so, sai ya rage bashin ko ya ƙara ruwa. Duk wanda zai sa hannu a yarjejeniya da kamfanin waje ya duba layi uku kafin farashi: dokar wace ƙasa ce, wace kotu ko cibiyar sulhu, a wane gari kuma da wane harshe. Rubuta "sulhu" kawai ba tare da sunan cibiya da gari ba yana jawo shari'a a kan inda za a yi shari'ar.

A nan zan ɗan saɓa wa Hajiya. Ta sa ra'ayin da aka mayar lamba cikin raunin jerin. Gaskiya ne ra'ayi ne, amma a harkar kuɗi ra'ayin ma'aikacin bincike a bankin Farankfut shi ke rufe asusu. Hukumar FATF da aka kafa a 1989, mai shawarwari 40 kan halasta kuɗin haram, tana da jerin ƙasashen da ta sa wa ido. Moris ta shiga a Fabrairu 2020 ta fita a Oktoba 2021. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shiga a Maris 2022 ta fita a Fabrairu 2024. Najeriya da Afirka ta Kudu sun shiga tare a Fabrairu 2023, suka fita a Oktoba 2025. Shiga jerin ba takunkumi ba ne, amma kowane biya daga ƙasar sai an ƙara masa tambayoyi, bincike yana da tsada, in ribar asusun ba ta kai tsadar binciken ba sai bankin waje ya yanke hulɗa. Ƙananan bankuna ne ke fara rasa wakilai. A yankinmu GIABA da ke Dakar, takwarar FATF a Afirka ta Yamma, ce ke auna ƙasashe, a cikin gida kuma CENTIF ke karɓar rahoton hada-hadar da ake zargi. Rahoton GIABA a kan ƙasa ya fi GFCI tasiri a kan ko kuɗin ɗan kasuwar Tahoua za su isa cikin kwana biyu ko mako biyu.

Sai zaman lafiya, wanda ba ya buƙatar dogon bayani. Beirut ce cibiyar bankunan Gabas ta Tsakiya har yaƙin basasa na 1975 ya kori cinikin, Baharain ta kwashi kaso mai yawa, bai kuma koma ba. Bankin Raya Afirka ya bar Abijan zuwa Tunis a 2003, sai 2014 ya dawo.

Dillalin Hannun Jari, Yamai:

Yallaɓai Lauya ya faɗi gaskiya kan doka. Ni zan amsa wa Malam batun kuɗi ɗaya a ƙasa takwas. Cibiyarmu ta yanki a warwatse take da gangan: babban bankinmu BCEAO da hukumar gwanjon bashin gwamnatoci UMOA-Titres a Dakar, kasuwar hannun jari ta BRVM da hukumar sa ido kan bankuna da AMF-UMOA mai sa ido kan kasuwar kuɗi a Abijan, bankin raya yanki BOAD a Lome, hukumar UEMOA a Wagadugu. Wannan rabon ya yi daidai da siyasa, amma cibiyar kuɗi tana ƙarfi ne in banki, lauya, mai binciken lissafi da mai sa ido suna gari ɗaya. Abijan ce ta fi kusa da hakan. Yamai ba ta cikin wannan takarar, kuma ban ga amfanin ruɗin kai ba. Abin da ya dace a auna ta da shi shi ne sauƙi da arahar isarta ga kasuwar yanki.

BRVM ta fara aiki a Satumba 1998, tana da ofishi a kowace ƙasa har da Yamai, kamfanonin da ke ciki ba su kai hamsin ba, BOA Niger na cikinsu. Ba a saye kai tsaye, sai ta kamfanin dillanci mai lasisi da ake kira SGI. Wanda ke son kwatanta ta da Legas, Kasabalanka ko Johannesbag kada ya tsaya kan jimillar darajar kamfanoni, wadda jaridu suka fi so. Ya raba kuɗin cinikin shekara da wannan jimillar, ya ga kashi nawa ne ya canza hannu. Ya duba kashi nawa na hannun jarin kowane kamfani ne ke yawo a kasuwa, domin in uwar kamfani da gwamnati sun riƙe kashi 80, sauran 20 ne kawai kasuwa. Ya duba tazarar da ke tsakanin farashin mai saye da na mai sayarwa, da kwana nawa a wata ake samun ciniki a kan takardar. Ya kuma duba kamfani nawa ne ke ɗauke da rabin cinikin. A BRVM ƴan kamfanoni ƙalilan, irin su Sonatel da Orange Côte d'Ivoire da manyan bankuna, su ke ɗauke da nauyin. Matsalar da wannan ke haifarwa a aikace ita ce, mai babban jari zai iya shiga amma fita sai ya karya farashi ko ya yi makonni yana sayarwa kaɗan-kaɗan. Wannan ne ke hana manyan asusun waje zuwa, ba rashin riba ba. Tsayayyen canji da yuro kuwa fa'ida ce ta gaske da Legas ba ta da ita, mai jarin yuro ba ya kwana da fargabar faɗuwar kuɗi irin ta naira a 2023 da 2024.

In ana son ma'aunin amincewar masu kuɗi da ƙasa wanda ba ra'ayi ba ne, gwanjon takardun bashin gwamnati ne, wanda UMOA-Titres ke shiryawa tun kafa ta a 2013. Akwai BAT na gajeren lokaci, har zuwa shekara biyu, kowace takarda sefa miliyan ɗaya, da OAT na shekara uku zuwa sama, kowace takarda jika goma. Nijar ta ga darajar wannan ƙofa lokacin da takunkumin 30 ga Yuli 2023 ya rufe ta, biyan bashi ya tsaya, aka ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairu 2024, ƙasar ta koma kasuwa a Afrilu na wannan shekarar.

Sakamakon kowane gwanjo ana wallafa shi, kuma lamba uku ake karantawa tare. Ta farko, kuɗin da masu saye suka gabatar a kan abin da baitulmali ta nema: in ta nemi miliyar 30 aka kawo 45, an rufe da kashi 150. Ta biyu, nawa ta karɓa daga abin da aka kawo, domin ƙin karɓa yana nuna farashin da aka nema ya yi mata tsada. Ta uku, matsakaicin ribar da mai saye zai samu, ba ruwan da aka rubuta a jikin takardar ba. Nan ne ake yawan kuskure. OAT mai ruwan kashi 6 da aka sayar a kan sefa 9,200 maimakon 10,000, ta shekara uku, ribarta ta haƙiƙa tana haura kashi 9, saboda mai saye zai karɓi 10,000 cif a ƙarshe. Sai a ɗauki wannan lambar a kwatanta da ta Kodebuwa, Benin ko Senegal a takarda mai tsawon lokaci ɗaya da aka sayar a makonni masu kusa. Kada a kwatanta ta wata goma sha biyu da ta shekara biyar. A duba kuma teburin ƙasashen masu saye: in bankunan Nijar ne kaɗai suka saya, kuɗin da ya kamata su je wa ƴan kasuwa bashi ne suka koma baitulmali, in kuwa bankunan Abijan, Dakar, Lome da Wagadugu sun shigo, kuɗin waje ne suka shigo ƙasar.